An Saurari Ƙirjina a Baranda, Ba a Ji Komai Ba

Assalamu alaikum edita da masu karatu. Ni haifaffen Sabon Gari ne a nan Zariya. A zauren mahaifina na fara karatu, na iya ajami tun kafin in san boko, daga baya Allah ya ajiye abincina a aikin jinya, a ɗakin gaggawa na wani asibiti da ke Samaru. A lokacin da abin nan ya same ni na haura arba'in, jikina da ƙwari, ban taɓa kwanciya jinya ba. Masu asma da na ɗora wa abin shaƙa a fuska, na dafa kafaɗarsu har numfashi ya dawo, Allah kaɗai ya san yawansu.

Abin ya soma ne da ma'aikatanmu suka tsiro da motsa jiki ranar Asabar da safe a filin bayan asibiti. Gudun kansa bai dame ni ba. Sai an tsaya, ana shan ruwa ana raha, sai in ji kamar an zagaye ƙirjina da igiya ana ja a hankali, ga busasshen tari, ga wani siririn fito a cikin numfashina. In koma gefe in duƙa kamar mai gyara takalmi. Kafin in isa gida ya sake ni. Sannu a hankali har keken da nake takawa zuwa Samaru ya fara tayar mini da shi, musamman da safe in an kwana ana ruwa. Na jingine keken, na ce wa maiɗakina gwiwa ce ke damuna.

Mu ma'aikatan lafiya muna da wata ɗabi'a: ba ma yankar kati, ba ma bin layi. Sai mutum ya tare abokin aiki a baranda ya ce ɗan duba ni. Haka na tare wani matashin likita, ya ɗora abin sauraren ƙirji a kan rigata, wayarsa na ta ƙara a aljihu, ya ce Malam ai ƙirjinka ya fi nawa lafiya, tsufa ne ya fara sallama, a rage tuwon dare. Na yi dariya, na wuce. Na sake tare wani, shi ma bai ji komai ba. To ina za su ji, alhali duk lokacin da na tare su na huta, ƙirjin ya riga ya saki? Ni kuma a ganina asma ciwo ne da ake tasowa da shi tun yarinta, bai taɓa zo mini a rai ba. Zuciya na fi zargi. Na shiga auna hawan jinina a ɓoye, ina taɓa jijiyar hannuna ko a cikin mota. Ko a sahun salla hankalina yana kan numfashina, in idar ban san surar da liman ya karanta ba.

Wata rana bayan azahar aka shigo da yaro yana fizge-fizge, leɓensa ya fara canza launi. Mu biyu ne a bakin aiki, ni da shugabar nas-nas ɗinmu, wata dattijuwa Kirista da iyayenta suka zo daga kudu, amma a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ba ta da maraba da tawa. Tulun iskar taimakon numfashi da ke ɗakin ya ƙare, ɗakin ajiya kuwa yana can ƙarshen asibiti. Na zura da gudu, na turo sabon tulu, nan ma da gudu. Na iso, na fara ɗaura wa tulun kansa, sai igiyar nan ta ja ni yadda ba ta taɓa yi ba. Iska ta ƙi shiga, ta ƙi fita. Hannuna ya kasa juya abin da nake juyawa kullum. Ina kallon yaron, ina kallon tulun, na zame ƙasa. Dattijuwar nan ce ta bar yaron a hannun uwarsa, ta ƙarasa ɗaurawa, ta sa masa iska, sannan ta juyo kaina. Uban yaron ne ya riƙe ni har aka ɗora mini abin shaƙa.

Da na dawo hayyacina ta zauna kusa da ni, ta ce Baba Malam, tun daga ƙofa ta jiyo fitona kamar butar shayi, tun yaushe nake ɓoye wannan? Da na gaya mata, sai ta ce in mutuwa nake so in bari sai ranar hutuna, kada in yi mata a lokacin aikinta. Da kanta ta yankar mini kati, ta zaunar da ni a benci cikin marasa lafiya. Matashin likitan nan da na fara tarewa a baranda shi ya duba ni. Ya sa na hura iska a wani ɗan bututu, ya sa na yi ta hawa da sauka a matakala, muka ɗan jira, na sake hurawa. A nan ya ji fiton da kunnensa. Ya ce hanyoyin numfashina ne ke tsukewa bayan motsa jiki mai ƙarfi, kuma hakan na iya samun babba ko da bai taso da shi ba. Ya rubuta mini abin shaƙa, ya koya mini lokacin amfani da shi da yadda zan fara motsi a hankali. Ya ce in yafe masa, na ce ni ne na tare shi a hanya.

Yanzu alhamdu lillahi ina aikina, abin shaƙana na aljihu. Amma ina kira ga 'yan'uwana ma'aikatan lafiya: farar riga ba ta hana ciwo, kuma jikin nan amana ne da za a tambaye mu. Wanda ƙirjinsa ke ɗaurewa bayan gudu ko hawan bene, ya yanki kati, ya zauna, ya faɗi lokacin da abin ke zuwa masa, domin ran wani na iya rataya a kan numfashinsa. Yaron ya rayu. Ranar da aka sallame su ubansa ya nemo ni, ya kama hannuna yana godiyar gudun da na yi saboda ɗansa. Na amsa da amin kawai, domin na san da dattijuwar nan ta ɗan fita a lokacin da na zame ƙasa, da gaisuwar da za mu yi ta ta'aziyya ce.