Ɗigon da Ya Tsaya a Kiyawa

Ana sallame sallar asuba muka bar Dutse, ni da direba, za mu Garki ɗauko yayana saboda jikin kawunmu da ya riƙe shi tun yana yaro ya yi tsanani. Motar ta maƙwabcinmu ce, Baba Injiniya, tsohon ma'aikacin gidan waya da ya mai da ɗakinsa shagon rediyo, har eriya ya kafa a kan dutsen bayan gida. Ya ba mu aro da sharaɗi ɗaya: kada mu taɓa akwatin da ke ƙarƙashin kujera. Wai yana tambayar tauraron ɗan'adam inda muke, ya aika masa ta rediyo, mu fito a matsayin ɗigo a kwamfutarsa. Na ce to, a raina kuwa na ce ritaya ta fara taɓa dattijon nan.

Akwatin ba ya magana, jifa-jifa dai ya yi wani ƙara kamar gyare. Direba ya yi ta a'uziyya har Jahun.

Hanyar Ringim ta ci mana taya ɗaya. Gidajen mai duk a rufe, sai na galan a bakin titi, farashin kuwa har na tambayi mai sayarwa ko da turare ya haɗa. A Garki muka sami yayana a gona. Ko wanka bai yi ba ya shigo mota.

Da muka iso Kiyawa a dawowa, bayan azahar, yayana ya ce lallai a tsaya. Kawu ba ya iya cin komai sai fura, kuma shi yayan nawa ya san mai damu mai kyau a bayan tasha. Muka zauna ana damawa, direba ya samu tsire, hira ta yi daɗi.

Sai ga ɗan acaɓa daga Dutse ya yi birki a gabanmu, kai tsaye, ba tare da ya tambayi kowa ba.

"Baba Injiniya ya ce ku tashi haka nan. Ana jiranku."

Wallahi ba wanda muka gaya wa inda muka tsaya. Direba ya saki tsinken tsire yana kallon motar. Yayana ya tambayi jikin kawu, mutumin ya sunkuyar da kai ya ce mu dai taho. Kowa ya san ma'anar wannan amsa, muka tashi muka shiga mota.

Mun tarar da makara a ƙofar gida, an riga an yi sahu. Ashe tun hantsi kawu ya cika. Liman ya ce ba a ajiye gawa don matafiyin da ba a san inda yake ba. Maƙwabcinmu ya ja shi ɗaki ya nuna masa ɗigonmu yana tahowa, shi ne ya yarda a ɗan jira. Sai kuma ɗigon ya tsaya cak a Kiyawa, dattawa na tsaye a kansa suna kallo, mu kuwa muna can muna zaɓen nono.

Yayana ya sami sallah, ya kama makara har maƙabarta.

Abin da na koya shi ne na daina yi wa abin da ban sani ba dariya. Amma har yanzu ba akwatin ne ke tsaya mini a rai ba. Da muka dawo na buɗe mota na ga kwanon furar a inda yayana ya ajiye shi, ya naɗe shi da rawaninsa don kada ya zube.