An Sari Darbejiyata a Umdurman

'Yan'uwa, yau an zubar mini da jini saboda bishiya!

Da na yi ritaya na dasa darbejiya a ƙofar gidana, maƙwabta sun rantse ba za ta rayu a tsakuwar Umdurman ta nan Sudan ba. Da ruwan alwala na raine ta. Yanzu idan an ɗauke wuta, zafi ya kori mutane daga ɗaka, a inuwarta layinmu ke wuni.

Bayan azahar sai ga samari biyu da gatari. Gawayi suke so.

Na ce, "'Ya'yana, wa ya ba ku izini?"

Babban ya ce, "Ya Haj, koma ciki. Da inuwa ake dafa abinci?"

Ya kai wa darbejiyar sara. Na rungume gindinta. Ya kwaɗa mini ƙotar gatari a goshi, jini ya rufe mini ido! Hajja Asha mai shayi ta watsa masa tafasasshen ruwa tana ihu, "Ɗan banza, sa'an kakanka ne!" Suka tsere.

An yi mini ɗinki. Wurin saran na cike shi da laka, na ɗaure da rawanina. Tana nan tsaye. Ina roƙo a rubuta ranar yau, Alhamis, a tarihin layinmu.