Gyaran Murya a Bakin Zurfi

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina aiki a tashar jiragen ruwa ta Jidda, amma ruwan teku bai taɓa wuce mini idon sawu ba. Ɗaukar buhu na fara, da ƙugu ya soma ƙara aka mayar da ni gadin sito. Kullum ina hango tekun ta tsakanin kwantenoni, shi yana can ni ina nan, muna ganin mutuncin juna.

Bakina ne ya ja mini. Karatu ban yi nisa ba, amma Allah ya ba ni labari. A majalisarmu ta unguwar Karantina, bayan la'asar, na sha gaya wa mutane yadda na taɓa nutsawa ƙarƙashin wani jirgin kaya na kwance igiyar da ta naɗe masa farfela. Duk shekara jirgin sai ya ƙara girma. Har kifin ƙirsh mai cin mutane na sa a ciki daga baya, wanda ya zo ya shinshine ni ya wuce. Uwar 'ya'yana kaɗai ta san cewa ko a wanka ba na son ruwa ya rufe mini fuska.

Cikin waɗanda suka gaskata labarin har da surukina, mijin 'yata ta biyu. Shi ba haihuwar nan ba ne. Daga Yawuri ya zo, gidan masunta, a cikin kogi ya buɗe ido. Kafilinsa, wato ubangidansa, yana da jirgin yawo a Ubhur, can bakin teku, ana kai baƙi tsibirai su kalli kifi, wasu da tabarau da bututun numfashi a saman ruwa, wasu su goya tulun iska su sauka ƙasa. Shi ne mai yi musu jagora. Kuma ya zo mana da kunya irin ta can gida, wadda yaranmu na nan suka manta. In zai gaishe ni, tun daga ƙofa yake cire takalmi ya durƙusa. Shekara tara yana auren 'yata ban san kalar ƙwayar idonsa ba, ƙasa yake yi wa magana ni kuma in tsinta.

Bayan an rushe unguwarmu muka koma wani bene, majalisa ta watse, na zama ba ni da aiki sai kallon bango. Sai surukina ya aiko matarsa ta ce mini ranar Asabar akwai gurbi a jirgi, yana so Baba ya je ya gaisa da tsohon abokinsa teku. Na ce in sha Allahu da murya mai ƙarfi. Kwana uku ina neman ciwon da zan kama, ko mura ta ƙi zuwa. Da safen ranar, uwar 'ya'ya ta miƙo mini tawul tana cewa in gaida mata kifin ƙirsh, in ce masa ya yi haƙuri da tsoho. Na ce ta yi mini addu'a. Ta ce addu'ar da ta fi ita ce in buɗe baki in faɗa wa yaron nan gaskiya. Na ce sai dai a ɗauko gawata. Ta dube ni, ba ta yi dariya ba.

Mu bakwai ne a jirgin. Ni, surukina, da rayyis, wato matuƙin jirgin, wani dattijo ɗan Yaman mai jan gemu, sai baƙi huɗu 'yan Filifin, maza biyu mata biyu. Kafin a tashi rayyis ya raba rigunan nan masu ruwan lemo da ke hana mutum nutsewa. Ya miƙo mini tawa, ni ma har na miƙa hannu, sai na ji surukina yana cewa a hankali, “Ya rayyis, aib, abin kunya ne. Baba tun ba a haife ni ba yake shiga ƙarƙashin jirage.” Rayyis ya ba ni haƙuri ya jefa rigar cikin akwati. Hannun da na miƙa na kai shi gemu na sosa.

Jirgi ya fita daga mashigin Ubhur, dogayen benaye suka yi ta ƙanƙancewa har suka zama kamar haƙoran mataji, daga nan suka ɓace. Ko'ina ruwa. Na riƙe ƙarfen gefe har yatsuna suka yi fari, ina murmushi irin na wanda ya dawo gida. Surukina ya yi wa baƙi bayani cewa wuri uku za a tsaya, kowanne ya fi na baya zurfi, na ƙarshe wani tsohon jirgi ne da ya nutse. Ɗaya daga cikin mazan ya juyo ya sara mini kamar soja. An riga an ba shi labarina.

Wuri na farko suna ce masa tsibiri, amma ni ban ga ƙasa ba. Farin yashi ne kwance a ƙarƙashin ruwa, in mutum ya tsaya ruwan ya kawo masa ƙirji. Aka jefa anga, ƙarfen da ke riƙe jirgi, gaba da baya. Surukina ya zo ya ajiye tabarau da bututu kusa da ƙafata, ya gaya wa dandamalin jirgi cewa shi zai sauka da baƙi ta gaba, Baba ya yi amfani da tsanin baya, ba wanda zai dame shi. Na gane nufinsa. Ba zai iya tsayawa ya ga uban matarsa ya tuɓe ba, kuma ba zai bari baƙi su gani ba. Ya kwashe su duka ya yi gaba da su, ya tsayar da su cikin ruwa kowa ya ba jirgi baya. Rayyis ya shige ɗan ɗakinsa yana haɗa shayi. Cikin girmamawa aka bar ni ni kaɗai da Bahar Maliya.

Dabarata mai sauƙi ce. In sauka tsani, in jiƙa gemu da singileti, in hawo in ce ruwan yau bai kai na zamaninmu ba. Na cire tob, doguwar rigata, na ninke, ya rage daga ni sai dogon wando da singileti. Mataki ɗaya, biyu, uku, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Sai ƙafata ta taɓa yashi. Ruwan ɗumi ne, ya tsaya mini a ƙirji. Na saki tsani da hannu ɗaya, ban mutu ba. Na saki ɗayan.

Da na tsaya nan da shi ke nan. Amma na ce bari in leƙa sau ɗaya, in samu abin faɗa. Na sa tabarau, na cusa bututu a baki, na sunkuya.

Wallahi ban san haka Allah ya yi ƙasan wurin nan ba. Kifaye rawaya masu zane kamar atamfa suna wucewa ta tsakanin ƙafafuna ba ko sallama. Wani kore mai baki irin na aku yana gatsar dutse, har ina jin ƙarar haƙoransa. Shekara talatin ina ba da labarin wurin da ban taɓa gani ba, ashe ban ma iya ƙaryar ba. Koren ya matsa, na bi shi. Ya ƙara matsawa, na ƙara taku. Na lura ruwan gabana ya sauya daga kore ya koma shuɗi mai duhu kamar rinin baba, amma kaina bai fassara mini ba. Na ɗaga ƙafa na ajiye, babu inda ta sauka.

Ruwa ya cika bututun, na zuƙe shi har ƙirji. Gishiri ya ƙone mini hanci da maƙogwaro. Na buɗe ido na ga ƙasa ta yanke kamar bakin rijiya, ƙarƙashina duhu ne kawai ba iyaka. Na yi ta dukan ruwa, wandona ya cika ya naɗe mini ƙafafu. Can hannuna ya bugi wani abu, na damƙe. Igiyar angar baya ce, mai santsi kamar kuɓewa. Na ja jikina har hancina ya fito.

In igiyar ruwa ta sauka in samu numfashi ɗaya, in ta taso ta rufe ni. A tsakanin haka ina hango bayan surukina, bai fi taku ashirin ba, yana tsaye yana nuna wa wata yadda za ta hura ruwa daga bututu. Kira ɗaya ya isa. Amma ku ji abin da na yi, ni da ke bakin mutuwa. Gyaran murya na yi, irin wanda mutum ke yi a ƙofar gida kafin ya shiga.

Ya ji. Na ga kafaɗunsa sun motsa. Sai ya ƙara sunkuyar da kai, ya tura baƙin gaba, suka ƙara nisa. A tunaninsa Baba yana gargaɗi ne kada a waiwayo.

Na sake gyara murya, rabinta ruwa. Ya ƙara gaba.

Nan tsoro na gaske ya shige ni. Hannuwana suka fara mutuwa, igiyar tana zamewa kaɗan kaɗan cikin tafina. Na yi ƙoƙarin kalmar shahada, ruwa ya katse ta a tsakiya, na sake farawa ya sake katsewa. Na tuna ban gaya wa kowa inda takardun gida suke ba. Na ga uwar 'ya'ya zaune ana yi mata ta'aziyya. Sai iska ta juya jirgin, igiyar ta yi sako-sako ta nutse da ni. Na jima a ƙasa, kunnuwana suna ƙara, ƙirjina kamar an ɗora buhu biyu. Da ta sake miƙewa ta fito da ni, abin da ya fita daga bakina ba magana ba ce. Kuka ne irin na akuyar da mota ta taka.

Ban ga zuwansa ba, sai dai na ji jikin mutum. Ban san suruki ba a lokacin, tudu na gani. Na saki igiya na haye shi, na shaƙe masa wuya da hannu biyu, na taka cinyarsa ina neman sama. Muka nutse tare. Ya yunƙuro da mu ya ce, “Baba, sake ni.” Na ƙara matsewa. Muka sake nutsewa, wannan karon na ji ƙarfinsa yana raguwa, na san zan kashe mijin 'yata, kuma hannuna ya ƙi buɗewa. Da muka fito ya ja numfashi da ƙyar, ya dube ni tsakiyar ido.

“Baba, ka gafarce ni.”

Ya wanke ni da mari. Wuta ta gilma mini, hannuwana suka saki da kansu. Ya juya ni rigingine, ya sa hannu ƙarƙashin haɓata, ya ja ni kamar tunkiyar da ta faɗa kwata.

A kan jirgi na yi ta aman ruwan gishiri. Rayyis ya lulluɓe ni da tawul. Baƙin suka taru a gefe. Surukina ya durƙusa wajen ƙafafuna, ya cusa hannun damansa a hammata kamar ya sato shi. Ya ce ya ɗaga hannu ga uban matarsa, duk hukuncin da na yanke ya karɓa, ko da cewa zan yi ya sawwaƙe mata.

Rayyis ya miƙo mini shayi ya ce lallai jijiya ce ta ɗaure mini, tana yi wa manyan gwanaye ma. Ya ce in huta, kafin mu kai wuri na biyu za ta saki, can ne ruwan da ya dace da irina. Ga ƙofa an buɗe mini, bakina har ya fara shirya yadda jijiyar ta kama tun daga ɗan yatsa. Sai na tuna duhun nan na ƙarƙashina, na kuma dubi yaron da ke durƙushe yana jiran a raba shi da matarsa.

“Ba jijiya ba ce,” na ce. “Ban iya ruwa ba. Ban taɓa iyawa ba.”

Surukina ya tambayi dandamali, “To jirgin nan fa, Baba?”

“An yi jirgin. Wani Basudane ne ya shiga. Ni na riƙe masa takalmi.”

Rayyis ya juya baya yana tari cikin rawaninsa. Ya buɗe akwati ya ɗauko rigar ruwan lemo, na ce ya ƙaro ɗaya. Haka na ƙarasa yinin zaune a ƙasan jirgi da riga biyu, na rungume ƙafar kujera. A wuri na uku surukina ya goya tulun iska ya faɗa da baya, ruwa ya rufe shi. Na rarrafa na leƙa ina bin kumfarsa da ido, duk lokacin da ta ɗan yanke sai numfashina ya yanke tare da ita. Ban koma wurin zamana ba sai da na ga kansa ya ɓullo.

Kafin magariba ya kawo ni gida, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ƙi shigowa. Kuncina ya kumbura, yatsu huɗu kwance a kai ɓaro-ɓaro. 'Yata tana falo tare da uwarta. Uwar 'ya'ya ta kamo haɓata ta juya fuskata wajen fitila, ta tambayi wane ne ya yi mini wannan. Na ji numfashin yaron ya tsaya a bayana.

Na ce, “Surukinki ne. Ki sa masa albarka, sannan ki zuba masa abinci.”