Alhamis Bayan La'asar

Saura kaɗan in bar labarin ga a cikina. Ni mutum ne mai son hira, duk wanda ya taɓa zama da ni a tashar Wurno ya sani. Amma labaran da na saba bayarwa duk ni ke fita da wayo a ƙarshensu: yadda na yi ciniki a Onica ba tafinta, yadda na sha barci bisa lodin albasa tun daga Kwantagora har Ikko. Wanga ko ban fita da komi ba. To shekaru sun ja, Baba ya rasu, ba sauran wanda zan ji wa kunya sai kaina.

Sana'ata rakiyar albasa. Ƙanena ke noma ta a fadamarmu ta wajen Kwargaba, ni in bi mota in kai ta Kudu in sayar. Kullum shina yi mini tsiya, wai shi ke shan rana ni ke cin shinkafar otal. Ni kuma in ce masa shi ko kasuwar Sakkwato anka kai shi sai an yi cigiya.

A irin wannan yawo na sayo wa Baba 'yar talabijin da ɗan janareto, munka ɗaure eriya bisa dogon gora. Wutar lantarki a wajenmu baƙuwa ce, sai ta ga dama. Man janareto kuma a kwalba ake sayo shi. Don haka a gidanmu ba a kunna talabijin don a ga mi ake yi. Sai an san mi ake yi sannan a kunna.

Akwai wata jaridar Hausa mai fitowa mako-mako, bayanta shafi guda ne na shirye-shiryen talabijin, kowace rana da lokutanta. Baba ya yi ajin yaƙi da jahilci da ƙuruciya, shina karatun boko sannu-sannu da yatsa. Duk dawowata sai na tsaya Sakkwato na sayo masa. Labaran siyasa ba su dame shi ba, mata ke naɗe daddawa da su. Shafin baya yake yankewa da reza, ya soke a ƙusa guda cikin zaure, sabo bisa tsoho, har sunka yi kauri kamar littafi. Abu biyu yake kallo: labarai, da shirin manoma, Alhamis bayan La'asar. Shekara da shekaru shirin nan bai gusa daga nan ba.

Wata shekara, lokacin cirar albasa, malamin gona ya kawo 'yan talabijin fadama. Ina Aba, ban gani ba. Anka ce sun daɗe a kan ƙanena, don albasarsa ta yi kai shekarar. Mutumin da ba ya son hoto ke nan. Hotonsa guda ne a duniya, na katin zaɓe, ya zare ido kamar wanda anka kama da akuyar mutane. Da na dawo na ce masa, "To manya, yanzu sai mun nemi iso kafin mu gaishe ka?"

Ya ce, "Bari dai a nuna, ka ji abin da nic ce a kanka."

Na yi na yi ya faɗa mini, ya ƙi.

Ba a nuna ba har ruwa ya sauka. Farkon damina, ƙanena shina sharar gona, maciji ya sare shi a ƙafa. Kwana biyu ya yi. Ina hanya. Na ishe an riga an kai shi.

Baba bai yi kuka gaban mutane ba. Abin da ya koma yi, duk Alhamis tun azahar ya sa a sayo mai, ya zauna gaban talabijin. A nuna masu shinkafa, a nuna masu kiwon kifi, ya kalla har ƙarshe, sannan ya ce a kashe. Ana saura kwanaki kaɗan azumi malamin gona ya zo da albishir: ya ji a ofis, makon farko na azumi za a sa na Wurno.

Jajibirin azumi na dawo daga Onica, aljihuna da nauyi. Na tsaya wajen mai jaridar da na saba, wani dattijo da muke tsokanar juna. Na juya bayan jarida, sai na ga tallar maganin sauro a inda shafin Baba yake.

Na ce, "Malam, ka ba ni jarida marar wutsiya."

Ya ce, "Alhaji, wutsiyar yanzu daban ake saida ta." Ya zaro wani ɗan littafi mai sheƙi. "Sun ce takarda ta yi tsada. Mai son shirye-shirye shi ƙara kuɗi."

"Shekara nawa ina sayen ta da wutsiyarta? Gobe sai su ce lambar shafi ma a biya."

"Kai da ka zubo albasa Onica kake kukan wanga? Ko kuɗin ƙosan buɗa-baki bai kai ba."

"Ba kuɗin na ba, rainin wayon na. Na je Kumasi, na je Kwatano, ban ga inda ake saida wa mutum ƙarfe nawa ba."

Ya bar dariya, ya ce, "Ka dai duba, azumi ya zo, sukan juya abubuwa."

Na ce, "Alhamis ba ta juyawa."

Maganar ta yi mini daɗi a baki, har na maimaita wa direba a mota.

A gida Baba ya juya jaridar, ya sake juyawa. Ya ce, "Ina shafina?"

Na ce, "Sun cire shi, Baba. Amma ga na bango nan, Alhamis bayan La'asar."

Ban ce masa ana sayarwa daban ba. Na san in na faɗa zai sa in koma. Ya ce, "Haka na. Kai ka san duniya."

Ranar Alhamis munka fito da talabijin tsakar gida, gindin dogon yaro. 'Yan'uwa sun zo daga Goronyo da Boyekai da bakin azuminsu. Baba ya sa rigarsa ta Juma'a. Matar ƙanena tana cikin takaba, ta zauna daga bakin ɗakinta da ɗiyarsu bisa cinya, inda take hango akwatin. Ni na ja janareto da hannuna, har ina ce wa mutane su shirya ganin mummunan gidanmu.

Hoto ya kawo. Sai ga malami zaune da alaramma a gefensa, ana tafsiri.

Baba ya ce, "Za su gama, sai a sa."

Munka zauna. Ba mai iya cewa a kashe tafsiri, ba mai iya cewa ya gaji. Munka saurara har rana ta yi ja, har janareto ya yi tari ya mutu. Matar ƙanena ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule. Anka kawo kunu, kowa ya sha kansa a ƙasa.

Washegari malamin gona ya zo da fara'arsa, shina tambayar ko mun gani. Tun Talata da hantsi anka nuna. Gidan talabijin sun ɗage shirye-shiryen yamma saboda azumi.

Na kama hanyar Sakkwato. Na sayi ɗan littafin a wajen dattijon nan. Ya dubi fuskata, bai tsokane ni ba. Na buɗe a tsaye. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: Talata, hantsi, shirin manoma, albasar Wurno. Na wuce gidan talabijin, wani bawan Allah ya bar aikinsa ya yi ta bincike. Ya dawo ya ce in yi haƙuri, kaset ɗinsu kaɗan ne, an riga an ɗauki wani abu bisa shi.

Daga nan na koma tambaya kamar mai cigiyar saniya. Ranar Talata da hantsi, da damina, kowa na gona. Sai a kwana na huɗu anka ce mini wani tela a Rabah ya gani, don shi ɗinkin Sallah ya sa janaretonsa ba ya hutawa. Na ishe shi da tsinin allura a baki. Da ya ji ko ni wane ne, ya aje almakashi, ya hau bayan babur ɗina har Wurno.

A zaure ya zauna gaban Baba ya ba da labari. Ya ce ƙanena ya ɗaga albasa ɗaya kamar kan jinjiri, mai tambaya ya ce masa mene ne sirrin. Ya ce sirrin shi ne mutum ya samu yaya mai son yawo, don in shina gida surutu ba ya barin kowa aiki. Sannan ya yi dariya har hularsa ta faɗi cikin kwamin albasa, ya duƙa ɗauka, anka yanke.

Baba ya ce, "Wace riga yas sa?"

"Shuɗiya, Baba, mai yagaggen aljihu."

"Ita ta. Sake faɗi daga farko."

Sau uku telan nan ya faɗa, bai canza komi ba. A na uku har ya miƙe ya gwada yadda hular ta faɗi. Na ji motsi bayan ƙofar cikin gida, na san matar ƙanena ce tsaye.

Da na mai da shi Rabah na dawo, na kasa riƙewa. Na zaro ɗan littafin daga aljihu na aje gaban Baba, na gaya masa duka: an nuna mini, an ma gargaɗe ni, ni na ƙi. Ya ɗauka, ya bi layin Talata da yatsa har ƙarshe. Bai yi faɗa ba. Na so ya yi. Ya huda littafin ya soke a ƙusa bisa sauran. Tun daga ranar bai sake cewa a sayo man janareto ba.

Bayan Sallah lodi ya samu, za ni Aba. Da safe na durƙusa a zaure in yi masa sallama. Ya yi mini addu'ar hanya yadda ya saba. Na kai bakin ƙofa ya kira ni da sunan da yake kirana ina yaro. Na juyo. Ba ni yake kallo ba, ƙusar yake kallo. Muryarsa ba zafi, tambaya ce ta wanda ke son ya sani.

"Wai ita takardar ga, nawa sunka ce maka?"