Ya Bintu, Wa Zai Yanko wa Shanunki Ciyawa?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 20 ga Satumba, 2016, labari ya iso Old Maiduguri cewa 'yan bindiga sun harbe Ya Bintu mai nono a bayan ramin tsaron da ya kewaye gari. Ciyawa ta je yankowa.

Ya Bintu, garke guda gare ku a Konduga. Ranar da aka ƙone ƙauyenku, shanu uku kika koro a ƙafa, kika ɗaure su a wani kango kusa da gidanmu. A lokacin kindirmo na gaskiya ya yi wuya a gari. Masu kawo shi sun watse, akasarin abin da ake sayarwa a Kasuwar Litinin garin madara ne aka dama. Na taɓa tambayarki me ya hana ki yin haka ki huta. Kika yi dariya kika ce, “Malam ɗan jarida, saniyar gwangwani ba ta san sunana ba.”

Da mahaifiyata ta kwanta ciwo, cikinta ba ya karɓar komai sai naki. Kowace safiya kina aiko da ƙwarya, mai yana yawo a sama, ki kuma leƙo ki tsokane ta da Kanuri har ta sha.

Na sha rubuta cewa rashin makiyaya ya karya harkar nono a ƙasar nan. Ga yadda abin yake a unguwarmu: cikin rami babu ciyawa, bayansa babu tsaro, saniya kuwa ba ta ba da nono da yunwa.

Tun jiya shanunki ke kuka. Mijinki, Ba Madu, wanda da kyar yake gani, ya wasa lauje. Mun roƙe shi ya sayar da su, ya ce, “In sayar da Bintu sau uku?” Gobe zai fita ta hanyar da kika bi. Ina tsoro ƙwarai.

Allah Ya jiƙanki, Ya karɓi shahadarki, Ya shayar da ke daga ƙoramun Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga Ba Madu da 'yarku Siddiƙa da duk mutanen Konduga da ke gudun hijira a cikinmu. Ya Allah, Ka dawo mana da tsohon nan gobe da ransa. Amin.