Wadda Ke Jiran Ja

Na zo sayen bututun ruwa a masana'anta, amma idona na kan wata dattijuwa. Gajeriya ce, furfura na leƙowa ta ƙasan hular kwanonta, tabarau rataye da igiyar takalmi. Ita ke duba bututun gas kafin a binne shi.

Tana tsugune gaban wata gaɓa da aka yi wa walda. Ta fesa jan ruwa, ta goge tas, ta bi da farar hoda. In akwai tsaga, ko siririya kamar gashi ce, jan zai ɓullo ya tona asiri. Mai waldar, ƙato guda, yana ta murza safar hannu. An ce sau biyu tana sa shi ya sake waldar wurin nan.

Ya ce, "Inna, yau kam..."

"Yi shiru, ɗana. Ƙarfe ke magana."

Ko ƙiftawa ba ta yi. Ina jin ta taɓa ganin abin da tsaga guda ke yi wa unguwa.

Minti goma, hoda na nan fara fat. Ƙaton ya daka tsalle kamar yaro. Ta miƙe tana dafa gwiwa.

"Wannan kam a binne shi ƙarƙashin gadona, in yi barci har da minshari."