Akori-kurar da Baffa Yake wa Magana

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Fulani ne mu da muka daɗe da ajiye sanda muka kama fartanya a Ajingi, Fillancin ma ya gudu daga bakinmu sai 'yan kalmomi, amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Mahaifina, wanda muke kira Baffa, bai taɓa kiran sunana ba, ko da suɓutar baki. In zai yi zancena sai ya ce "wancan", da na koma Gaya da zama kuma na zama "na Gaya". In na durƙusa na gaishe shi, yana amsawa ne yana kallon wani gefe. In yana da saƙo sai ya faɗa wa ƙanina alhali ina zaune a wurin, shi kuma ya juyo ya maimaita mini kamar ni kurma ne. Daga yaye aka kai ni wurin kakata a Gafasa, can na girma. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Amma sanin bai hana abin ci mini rai ba har na fara furfura.

Baffa direba ne, da akori-kurarsa ya ci da mu. Ta ɗauki gyaɗa da gero daga kasuwar Ajingi zuwa Gaya da Wudil, ta ɗauki kayan amare, ta ɗauki raguna, ta ɗauki masu naƙuda. Da gwiwoyinsa suka ƙi, sai ya jingine ta a gindin darbejiyar ƙofar gida, wai kafin ya ji sauƙi. Sauƙin bai zo ba. Tayoyi suka sace suka nutse a ƙasa, tsatsa ta ci bodin, kaji suka mai da gidan gaba wurin ƙwai. Wata rana na je gaisuwa na tarar da 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, suna zagaya ta suna ƙwanƙwasawa kamar masu tayin saniya, ƙanina yana biye da su yana washe baki. Raina ya ɓaci, na kore su, na ce masa ai sai ya haɗa da ƙyauren gidan ya sayar. Ya ce to me zan yi da ita, dafawa? Na ce tayar da ita zan yi. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Ni ba makanike ba ne, taki da maganin feshi nake sayarwa a Gaya. Amma tun ina yaro hannuna ba ya zama lafiya in ya ga inji. Na kwance injin ban-ruwa, na kwance janareto, babur ɗina kuwa ya sha wahalata. Sai na mai da abin shaƙatawata: duk Asabar in bar shago, in ɗaure akwatin sifanu a bayan babur, in nufi Ajingi.

Asabar ta farko ina ta fama da wani noti da tsatsa ta kama, gumi har cikin ido, sai na ji motsi. Baffa ne ya fito da tabarma da 'yar rediyonsa, ya shimfiɗa a inuwar, ya zauna ya ba ni rabin baya kamar mai shan iska kawai. Na ci gaba da kokawata, ina danna sifana da ƙafa ina tsaki. Can sai na ji ya yi gyaran murya.

"Ke dai ba kya son garaje," in ji shi, yana kallon motar. "Wanda ya san ki, kananzir yake zuba miki ya bari ki jiƙa."

Na waiga, babu kowa a wurin, ƙanina yana gona. Ashe da ni yake. Na rasa inda zan sa idona, sai ni ma na kalli motar na ce, "To, za a zuba mata."

Da haka muka fara. Shi ya gaya wa mota, ni in ba mota amsa. Wanda ya wuce ya ji mu zai ce taɓaɓɓu biyu ne suka haɗu, amma ni tunda nake ban taɓa jin daɗin hira irin wannan ba. Ya gaya mata kafiretarta ba ta son a matse ta da yawa, ya gaya mata lagiretonta tun asali yana yoyo ta gefen hagu. In na yi daidai sai ya yi shiru, in na yi shirme ya ce mata ta yi haƙuri, haka duniya take. Ni kuma in ce mata ai mai koyo ne, ta daure.

Aikin tafiyar hawainiya yake yi, don kayan irin wannan mota sai an tona. Wani abin sai na je Kano na yini ina bin rumfunan tsofaffin kaya kafin in samu, wani kuma sai dai a ƙera. Ban tsaya ga mai da ita yadda take ba, kwaɗayi ya ja ni. Na sa aka yi mata ƙarfen rumfa a baya, na ƙara mata sifirin, na ɗaura mata manyan fitilu biyu a gaba, na sa kujera mai laushi a madadin wadda ɓeraye suka cinye. Ranar fitilun nan Baffa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce mata oh, ashe da rabon za ta yi kwalliyar tsufa, saura jan baki. A kan fenti kuwa mun kusa wata biyu muna ja-in-ja ta bakinta. Ni ina son shuɗi, shi ya ce mata fara ya san ta, kada ta yarda a mai da ita bokitin wanka. Fari aka yi.

Sannu a hankali hirar ta wuce ƙarfe. Ya ji labarin hawan jini ya fara taɓa ni, sai ya ce wa motar ta gaya wa masu shiga ƙarƙashinta su rage gishiri. Ta bakinta ya tambayi karatun 'yata, ta bakinta na gaya masa damuwata a kan shagon da kasuwarsa ta ja baya. Wata Asabar da damina ina kwance a ƙasanta ina ɗaure salansa, ƙafafuna kawai ake gani, sai ya ce:

"Kin tuna shekarar da kika kafe a laka a hanyar Gafasa, da yaro mai ƙyanda a cikinki? Kin ba da kunya ranar. Sai a kafaɗa aka ƙarasa da shi bakin titi."

Na san labarin ƙyandar nan, ta kusa kashe ni. Amma kakata ce mini ta yi wani bawan Allah ne ya ɗauke ni, ni kuma ban taɓa tambayar ko wane ne ba. Na kwanta a wurin da sifana a hannu, hawaye yana gangara mini cikin kunne, na gode wa Allah da ba ya ganin fuskata. Da ƙyar na iya cewa ai laifin hanya ne, ba nata ba. Ya ce haka ne, ya ƙara muryar rediyonsa.

Bayan kaka Baffa ya kwanta, tari ya sa shi a gaba, ya rame sosai. Da ya ɗan farfaɗo ya fito inuwar, ya dubi motar da injinta yake zube a kan buhu, ya ce mata, "Ko za mu ga tashinki kuwa?" Ƙanina yana wurin ranar. Da muka keɓe ya ce na ji dai da kunnena, tsoho so yake ya ga motarsa ta tashi kafin ta Allah ta kasance, ni kuma na tsaya ina wasa da ita kamar tuwon ƙasa. Na ji haushin maganar, amma na yarda da ita, don ni ma haka na fahimta. Tsoro ya kama ni. A satin na nemo babbar mota aka ja ta zuwa Gaya, na damƙa ta ga makanike da mai walda, na tsaya a kansu ina azalzala.

Ana cikin haka Inna ta aiko ƙanina, don ita ma ba ta yi mini magana kai tsaye, wai a gaya wa na Gaya duk Asabar Baffa yana fitar da tabarma ya zauna a gindin darbejiya, wurin da motar ta tashi, har la'asar. Ka ji fa. Saƙo ƙarara, amma da ni da ƙanina muka haɗu muka karanta shi a juye. Muka ce tsoho ya ƙosa. Na ƙara wa makanike wuta, na daina zuwa Ajingi gaba ɗaya don kada in je hannu rabbana. Aikin da zai ci mini shekara biyu ina lallaɓawa, aka murƙushe shi kafin zafi ya shigo.

Ranar da na kawo ta, unguwa ta fito. Fara tas, fitilu suna ƙyalli, injin yana kaɗawa lafiya lau. Tsofaffin da suka san ta suna ta shafa ta suna sa albarka. Aka taimaka wa Baffa ya shiga gaba, ƙanina ya zauna a tsakiya, na ja mu zuwa Gafasa muka dawo. Duk tafiyar nan hannunsa yana kan ƙofa, yana kallon gonaki. Da muka tsaya ya ɗan bubbuga ta ya ce, "Madalla. Kin tashi." Ni kuwa ina ta fara'a kamar wanda aka yi wa bushara, ban san me na yi wa kaina ba.

Asabar ta zagayo na zo da ita, na ajiye ta a inuwar, na shiga na gaishe shi. Ya amsa yana kallon bango. Na fito na tsaya a jikin motar, na rasa abin yi. Babu abin kwancewa, babu abin ɗaurewa. Na ɗebo ruwa na wanke ta, na goge, na sake gogewa, ina satar kallon ƙofar zaure. Bai fito ba. To da wane dalili zai fito? Dattijo yana iya zama kusa da motarsa da ake gyara, don ya san ciwonta, ba wanda zai ce komai. Amma ya shimfiɗa tabarma ya zauna kallon ɗan farinsa yana wankin mota, wannan kam sai a ce ya zubar da girma. Sai a lokacin maganarsa ta ko za mu ga tashinta ta dawo mini da fassararta. Ba tashinta ya ƙosa ya gani ba, kwanakinsa yake aunawa. Tabarmar da yake fitarwa kuma ba motar yake jira ba.

Na yi makonni a haka, ina zuwa ina komawa da baƙin ciki. Ƙanina ya koma aikinsa na tafinta, "Baffa ya ce a gaya maka", har na ji kamar in kwaɗa masa mari, alhali ba laifinsa ba ne. Rannan dabara ta zo mini, irin dabarar wanda ya rasa mafita. Kafin in shiga gari na tsaya na zare wayar fulogi ɗaya, na ƙaraso motar tana karkarwa tana tari kamar za ta mutu. Na tsaya a gindin darbejiya, na buɗe murfin inji, na bar ta a kunne, na baje sifanu a ƙasa yadda za su yi ƙara.

Ya fito. Wallahi ya fito, yana dogara sanda, ba tabarma a hannunsa amma na ce a raina yanzu zai aika a kawo. Ya zo ya dafa ta, ya sunkuyar da kai yana saurare. Ni kuma na duƙufa a kan injin ina taɓa nan ina taɓa can. Ya daɗe a tsaye, fiye da yadda gwiwoyinsa suke bari.

"Lafiyarki ƙalau," ya ce mata a hankali. "Taɓa ki aka yi."

Na kasa ɗago kai. Abin da muka yi shekara muna rufewa ni da shi, kowa yana yi kamar bai gani ba, na zo na tone shi da rana tsaka. Da gyara ne na gaskiya da ya zauna. Yanzu in ya zauna, ya amsa ke nan cewa don ni ya zauna, ni kuma na san ba zai iya ba.

"A mayar miki da wayarki," in ji shi, "kada a wahalar da ke a banza."

Ya ɗan shafa ta, ya juya ya shiga gida. Na mayar da wayar, injin ya daidaita nan take.

Baffa ya ga wata daminar, ya rasu bayan an yi girbi. A tsakanin nan ban fasa zuwa ba, kuma kullum ina addu'ar wani abu ya lalace da gaske, ko fanbel ya tsinke, ko lagireton ya koma yoyonsa, ko giya ta ƙi shiga, in samu abin da zan kawo ƙofar gida ba tare da ƙarya ba. Ko sau ɗaya ba ta yi mini wannan alfarmar ba. Na bi da ita ramuka da gangan, na loda mata taki fiye da ƙima, ta shanye. Har yau tana wurina a Gaya, mutane suna tsayar da ni a hanya suna tambaya ko ta sayarwa ce, suna yaba aikin. Murɗa ɗaya take tashi. Na gyara ta da kyau, wallahi na gyara ta da kyau.